Igiyar Agali da Burtalin Tafkin Kanya

Da can, in na dawo daga tafiya, ba na gama kwance jaka sai zaurena ya cika. Mutanen Dakoro su zauna in ba su labarin Yamai, ko Wagadugu, ko Tamanrasat, ko yadda aka yi mana a Jidda. Na daɗe ina aikin tafinta a furoje-furoje, wato ayyukan raya daji da kiwo, ina juya Faransanci zuwa Hausa, Hausa zuwa Tamashek ko Fillanci, saboda haka ƙafata ta taka wurare da dama, kuma abin da na faɗa shi ne labari. Yanzu ma zauren yana cika, amma ba labarina ake nema ba. Kowa ya zo sai ya ce wai gaskiya ne Agali ya shimfiɗa igiya a gaban ƴan majalisa? Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura cewa duk sanda na maimaita ina tsallake wani wuri da bai yi mini daɗi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Muna da wata ƴar ƙungiya a nan ta manoma da makiyaya. Aikinmu bai wuce itatuwan gona da burtali ba, wato hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. Mu ke bin ƙauyuka muna lallashin mutane su bar gawo da kalgo da sabara su tofo in sun zo sassabe. Mu ke kai kuka meri, wato ofishin magajin gari, in wani ya tuge turakun siminti na burtali ya shuka gero. Ni ne bakin ƙungiyar tun kafuwarta, don ni ke iya karanta takardun da ke zuwa daga Yamai.

Bayan girbi sai ga saƙon murya a wayar shugabanmu daga wata mata, Hajiya Luba, mutuniyar wata jiha ta Najeriya da ke kudu da mu, inda shanun yankinmu ke zuwa cin rani. Ba zan kama sunan jihar ba, tunda mutanen da ke cikin labarin suna nan da ransu. Wani dillalin shanu ne ya ba ta lambar. Ta ce majalisar dokokin jiharsu tana duba ƙudurin doka kan gandun daji da mashaya da burtali. A ƙarshen ƙudurin akwai jerin hanyoyin dabbobi da doka za ta tsare. Duk hanyar da ba ta cikin jerin ta zama fili kamar kowane fili, ana iya yanka ta a ba mai so. Burtalin da ke fitowa daga wajenmu, ya tsallaka iyaka ya dire a Tafkin Kanya, ba ya ciki. Ta ce za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, in muna da magana mu zo mu faɗa. Wannan burtali shi ne ran garkunan Badar Gula da Korahane da gefen Birnin Lalle in ciyawa ta ƙare a kwarin Tarka. In ya toshe, ko dai a sayar da shanu ko a bi ta gonakin mutane, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka.

Ƙungiya ta ce in je. Wannan ban yi mamaki ba. Sai kuma ta ce Agali ya raka ni, tunda shi ya san hanyar da ƙafa. Agali tsarana ne. Kakanninsa daga arewa suka gangaro suka zauna kusa da Badar Gula, noma kaɗan, kiwo da yawa. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma ƴan shanuna ma a garkensa suke. Tun muna samari yake kirana Tafinta, ba kuwa don girmamawa ba. Na ce wa shugaba ai majalisa ba bakin rijiya ba ce, mutumin da bai iya sa hannu a takarda ba wahala kawai zai zame mini. Shugaba ya ce to ya zame mini, an gama magana.

Mun tashi da safe a ƴar bas ta Maraɗi. Ni da jakar hannu cike da taswira da takardun doka, shi da jakar fatar akuya da ta tsufa har ta yi sheƙi. Ba mu kai Kornaka ba taya ta fashe. Muka sauka muka fake a inuwar wani gawo a bakin gona. Na soma ba fasinjoji labarin yadda na ga manoman Burkina suna jera duwatsu don tare ruwa. Ina tsakiyar magana wata tsohuwa ta ce in ɗan dakata, Allah ya ba ni haƙuri, tana so ta ji abin da wancan bawan Allah ke faɗa. Na juya, ashe Agali ne ke gaya wa wani yadda ake gane gawon da aka sassaƙe wa reshe don ciyar da dabba da wanda aka sassaƙe don a kashe shi. Kafin a gama canja taya duk sun koma wajensa. Direba ma da ya gama sai da ya tsaya ya tambaye shi maganin kumburin akuya. Na shiga mota na zauna ni kaɗai, na ce wa kaina rana ce ta dame ni.

Mun kwana a Maraɗi gidan ɗiyata, da hantsi muka nufi iyaka, don hanyar ba a bin ta sai da rana tsaka. Na miƙa fasfona wanda tambari ya cika har da ƙyar sabo zai sami wuri. Ma'aikacin ya buɗe, ya buga, ya miƙo mini, ko kallon shafukan bai yi ba. Agali ya miƙa katinsa da ya kusa rabewa biyu. Sai aka ce ya buɗe jakar fata. Aka fito da butar shayi, da ƙananan kofuna, da cuku, da igiyar rijiya a naɗe, sannan wasu siraran igiyoyin fata guda biyu, kowace da silla-silla suna reto a jikinta cike da ƙulle-ƙulle. Ma'aikacin ya tambaya ko laya ce. Agali ya ce a'a, awon hanyar shanu ne. Mutumin ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ɗayansu ɗan makiyaya ne, ya riƙe igiyar yana jujjuyawa yana ta tambaya. Ni ina tsaye a rana da fasfo a hannu. Shekara arba'in na san Agali, na sha ganin igiyoyin nan a rataye a bukkarsa, ban taɓa tambayarsa ko na mene ne ba.

Da muka tsallaka sai ƙananan wahalhalu suka fara, kuma duk a kaina suka sauka. Wani mai ƙiba ya zauna a kan tabarauna a mota, na sayi wani a hannun mai talla wanda in na sa shi ƙasa takan yi kamar tana tasowa. Na roƙi wani ya kira mini Hajiya Luba da wayarsa, na karanto masa lamba da Faransanci yadda muka saba, ya tsaya yana kallona sai da na sake da Hausa ɗaya bayan ɗaya. Abin da muke ce wa kabu-kabu su acaba suke cewa, kuma masu shi ba su san birki ba sai oda. Duk mai babbar riga Alhaji ne a wurinsu, duk mai tumbi ranka ya daɗe. Harsuna biyar na je da su, ban sami inda zan kashe ko ɗaya ba. Kowa Hausa yake yi, takarda kuma da Ingilishi, wanda shi ne kaɗai nake tafiya a cikinsa da sanda.

Hajiya ta sauke mu a ɗakin baƙi na gidan wanta, a wata unguwa da injin wuta ba ya shiru. An karɓe mu da kyau, ba ni da abin cewa. Tuwon shinkafa da miyar taushe, masa da safe, man ja a cikin kome. Burodinsu laushi gare shi da zaƙi kamar na biki, ba irin dogon namu mai ɓawo ba. Shayinsu kuwa a ƙaton kofi ake kawo shi, madara ta rinjayi ganye. Agali ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce wannan kunu ne. Bayan La'asar ya fitar da ƴar murhunsa a ƙofar gida, ya hura gawayi, ya shiga zuba shayi daga sama yana tada kumfa. Maƙwabta suka fara tsayawa. Kwana biyu kacal, sai da aka kawo benci. Su sha kofi na farko su ɓata fuska, na biyu su yi shiru, na uku su nemi ƙari. Suka sa masa suna Baban Nijar mai ƙananan kofuna. Ni kuwa suna ce mini abokin Baba.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Hajiya Luba. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. A falonta akwai littattafan rubutu irin na ƴan lakwal, an jera su a kan kabad. Duk ƙudurin da ya shafi daji ko ruwa ko fili yana da shafinsa. Ranar da majalisa ke zama takan hau bene inda ake barin jama'a su zauna, ta rubuta wa ya kawo, wa ya goyi baya, wa ya fita waje da aka zo ƙuri'a. Ta san wanda aka yi wa karatu na farko, wanda ya kai na biyu, da wanda ya shiga kwamiti ya yi barci. In aka fito da sabon kwafi sai ta ajiye shi kusa da tsohon, ta bi layi-layi da ƙarshen biro tana neman abin da aka cire ko aka cusa. Da yamma ta yi bayani da Hausa a saƙon murya, ƴan ƙungiyarsu su watsa shi ƙauyuka.

Na zauna ina kallon littattafan nan raina yana ƙuna. A wajenmu doka daga Yamai take zuwa, ta sauka a hannun prefe, wakilin gwamnati a yankinmu, a dafe, da sa hannu da tambari, ni kuma in fassara. Shekarun da na yi ina taƙama da sanin doka, ashe wadda aka gama kawai na sani. Ban taɓa ganin doka tana ɗanya ba, lokacin da ake iya taɓa ta. Ga mace ta hau acaba ta je ta zauna a kan masu yin ta. Na ce mata ai mu ma muna da tsarin ƙasa mai kyau, har ƙasashe na zuwa koyo. Ta ce ta ji haka, Allah ya ƙara. Sannan ta tambayi shaidar da muka kawo.

Na baje taswirorina a kan tabarma. Masu kyau ne, da launi, burtali ja, rijiyoyi shuɗi. Ta sa tabarau ta bi jan layin da yatsa har ya iso iyaka. Daga nan takarda fara ce fat.

Ta ce, “Alhaji, wannan ai ƙasarku ce. Su tasu za su tambaye ka.”

Agali da ke gefe yana ɓare gyaɗa ya jawo jakarsa ya fito da igiyoyin. Ya ce ubansa ne ya fara, bayan wata rigima da aka yi da shi a gaban wani mai gari, manomi ya rantse gonarsa ba ta ci hanya ba, shi kuma ba shi da abin nunawa. Tun daga nan, duk zangon da suka sauka sai ya auna faɗin burtali da igiyar rijiya mai gaba goma, daga bakin gona zuwa bakin gona. Kowane zango da silinsa a jikin siririyar igiya, da alamar da ake gane shi, wani wuri irin na kuɗin da, wani maɓalli, wani ƙyallen shuɗi. Igiya nawa aka samu, ƙulli nawa. Baƙar igiyar ta ubansa ce, ba a taɓa ta. Jar tasa ce, duk shekara yana kwancewa ya sake ƙullawa. Hajiya ta ajiye su kusa da juna kamar yadda take yi wa takardunta. A zangon ƙarshe kafin tafki, ta uban tana da ƙulli tara, tasa uku.

Daga baya ta ce minti biyar ake ba kowace ƙungiya, kuma Malam Agali ne zai yi magana. Na ce bai saba tsayawa gaban manya ba, Hausarsa ma da gargada. Ta ce to mu tsaya tare, in gabatar da shi a taƙaice, shi ya yi sauran.

Ga wurin da nake tsallakewa. Da safen ranar zaman, muna shiri, na ga Agali yana cusa igiyoyin a jaka. Na ce masa a ƙofar majalisa ana caje, ba a shiga da igiya ko wuƙa ko wani abu mai kama da su, in aka gani ƙwacewa za a yi, wataƙila ma a hana mu shiga. Ba wanda ya gaya mini haka. A lokacin na ƙirƙira shi. Ya dube ni ya ce ni na san gidajen gwamnati. Ya ɗaga tabarma ya tura jakar ƙarƙashi, muka fita.

Zauren yana da sanyin na'ura har sai da na ja hula. Ƴan kwamiti suna kan dogon tebur, waɗanda mu muke ce wa depite su kuma Onarabul. Masu saran itace suka yi magana, mafarauta suka yi, wani manomi ya yi kukan shanu na cinye masa dawa duk shekara. Da aka kira mu na miƙe. Na yi gaisuwa yadda ta kamata. Na faɗi yadda dokar kiwo take a Nijar, na kwatanta da ta Mali, na taɓo ta Burkina. Na san ina cin lokacin Agali, ina jin Hajiya tana gyaran murya a bayana, ban tsaya ba. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai haƙuri, ya bari na kai aya sannan ya ce sun gode da wannan ilimi, amma burtalin nan ta waɗanne garuruwa ya bi a cikin jiharsu? Na buɗe baki, sunan tafkin kaɗai na sani.

Sai wani lauya ya tashi, mai wakiltar wani kamfani da ke neman fili a gefen tafkin don babbar gona. Cikin ladabi ya ce hanyar da ake magana ta daɗe da mutuwa, babu ta a taswirar ma'aikata, kuma ga shi wanda ya zo kare ta ma bai san inda take ba. Aka ɗan yi dariya. Shugaba ya duba agogo.

Agali ya miƙe ba tare da an kira shi ba, rawaninsa ya rufe rabin fuska. Ya yi sallama ya fara lissafa zango. Daga iyaka a sauka a rijiyar da ke gindin aduwa biyu. Daga nan a bi yamma da wata kasuwar Laraba, a kwana a faƙon da maƙera ke haƙar ƙasa. Ya faɗi sunan mai garin kowane wuri, da na ubansa da ya riga shi, da inda ake ba shanu ruwa da inda ake hana su. Ya juya wajen manomin nan mai kukan dawa ya ce ya san gonarsa, tana hannun dama in an wuce wata ƙorama, kuma gaskiya ya faɗa, shanu na shiga, don wurin da garke ke wucewa a da yanzu sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya gyaɗa kai.

Shugaba ya ce wannan magana ce, amma kwamiti ba ya rubuta doka da baki. Akwai wani abu a hannu da ke nuna faɗin hanyar da yadda ta ragu? Hajiya ta ce akwai, ta dubi Agali. Agali ya dube ni. Na tuna garkunan Badar Gula, har da ƴan shanuna, na ga za su rasa hanya saboda ni ban so a tafa wa wani ba. Aka tashi sallar Azahar. Shugaba ya ce in an dawo zai ba mu minti biyu, in babu kome a wuce.

Na fita na tare acaba, na tattare babbar riga na hau. Sai a hanya na gane ban san sunan layin ba, kullum Hajiya ke turo mai kai mu. Muka shiga unguwar muna zagaye. Na faɗi sunan mai gidan, aka ce masu wannan suna sun fi biyar. Na kwatanta masallaci, aka ce wanne. Zufa ta jiƙa ni, tabaran talla yana juya mini ƙasa. Daga ƙarshe na ajiye girman kai na tambayi wata mai tuyar awara inda Baban Nijar mai ƙananan kofuna ya sauka. Ta nuna da cokali ba tare da ta ɗago ba. Mutum uku suka raka ni har ƙofa.

Da na dawo, Agali na tsaye a bakin ƙofar majalisa yana jirana. Mai gadi ya leƙa jakar, ya ga igiya, ya ce in wuce. Ko tambaya bai yi ba. Agali na ganin haka. Ya karɓi jakarsa muka shiga.

Minti biyun nan sun zama kusan awa. Ya shimfiɗa baƙar da jar a kan teburin kwamiti, yana taɓa sili yana faɗin zango. Da ya zo kan mai maɓalli, wani Onarabul ya ce wannan ƙauyensu ne, yana ƙarami sukan hau katanga su kalli shanun Nijar suna wucewa tun safe har Azahar, kuma shi kansa bai lura hanyar ta tsuke haka ba. Lauya ya ce igiya ba ma'auni ba ce. Shugaba ya sa aka warware igiyar rijiyar a tsakiyar zaure, ma'aikaci ya kawo abin awo ya auna ta, aka rubuta. Ni aka ba bakin igiyar in riƙe. Na riƙe. Kwamiti ya yanke cewa zai tura masu awo su bi hanyar da ƙafa, kuma Agali ne zai yi musu jagora. Ba a ce kome a kaina ba.

Washegari na shirya komawa ni kaɗai, shi zai zauna sai an gama awo. Ya raka ni tasha. Muna tsaye ana ɗaure kaya a kan mota, na yi ta neman yadda zan fara. Shi ya riga ni.

“Tafinta, mi ya sa ba ka ce mini kai kake so ka yi magana ba?”

Na ce ban gane ba.

“Ka gane. Da ka faɗa, da na zaunar da kai kwana biyu na koya maka zangon nan duka. Kai da ka riƙe bakin Nasara a kai, zango goma sha ɗaya zai gagare ka? Ni shanu nake so su wuce. Wanda ya faɗa bai dame ni ba.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma bana ni zan sayi gishirin garke, kuma in daina sa tabaran nan don ina kama da mujiya. Ya miƙo mini cuku a ƙunshe in kai wa iyalinsa. Abin da ya fi ci mini rai a hanya shi ne na san da gaske yake. Da ya yi fushi da na sami abin riƙewa. Mutum ya fi ka sanin hanya, sannan ya fi ka zuciya, kuma bai ma san ana gasa ba.

A iyaka ma'aikacin nan ɗan makiyaya ya gane ni, ya tambayi ina mai igiya. A Maraɗi ɗiyata ta tambayi ina Baba Agali. Da na iso Dakoro na tara ƴan ƙungiya na ba su rahoto. Na faɗi zaman, na faɗi lauya, na faɗi awo. Maganar tabarma ban faɗa ba. Agali ya dawo bayan sati uku, ya rame, ƙafafunsa sun tsage, shi ma bai faɗa ba. Har yau bai faɗa wa kowa ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Saƙonnin Hajiya suka ci gaba da zuwa. Rahoton masu awo ya shiga. Ƙudurin ya ɗan yi barci a kwamiti, ta tashe shi. Aka yi karatu na uku. Ta bi sabon kwafi layi-layi ta ce burtalin Tafkin Kanya yana cikin jerin, da sunayen zangonsa. Faɗin da aka rubuta bai kai na baƙar igiya ba, amma ya fi na jar, kuma an ce gonar kamfani ta ja baya daga mashaya. Wata rana da hantsi ta aiko cewa gwamna ya sa hannu.

Na sayi littafin rubutu irin nata. Duk sati ina zuwa meri in tambayi abin da ake shirin yankewa kan fili da daji tun bai zama takarda ba, ina kuma da wani tsohon abokin aiki a Yamai da ke turo mini abin da ke tafe. Ma'aikatan sun fara sabawa da ni, wasu na ɓuya in sun hango ni. Ƙyashin bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba. In na ji an ce Agali a rediyon gari sai ya taso mini, in yi istigfari, gobe ya dawo.

Da aka zo sabunta muƙamai, ƙungiya ta ce daga yanzu duk inda za a je kan maganar burtali Agali ne zai yi magana, ni in riƙe takardu. Na ɗaga hannu tare da kowa. Bana shanun Badar Gula sun sauka Tafkin Kanya ta hanyar da doka ta tsare, ni kuma na daina zama bakin ƙungiya.